Amfilifayar gita mai sauƙin kuɗi don kiɗan rok

Ɗan'uwa, ka ce kun haɗa ƙungiyar rok, kana neman amfilifaya, wato na'urar ƙara sautin gita, mai araha, har kana duba wata ƙarama mai wat 15. Don Allah ka bar ta. A ɗaki kai kaɗai za ta yi maka daɗi, amma da zarar mai ganga ya ɗaga sanda, ko kai ba za ka ji gitarka ba. Haka ta faru da ni, na murɗa tawa har ƙarshe, sai kuka take yi kamar tsohuwar rediyo.

Nemi mai wat 40 zuwa 50, da lasifika mai inci 12. Girman lasifikar nan shi ke ba sauti kauri, kuma mutane da yawa ba sa kula da shi. Ni Boss Katana 50 zan nuna maka. Tana da sautin nan mai kaushi da rok ke so, sannan akwai makunnin da ke rage ƙarfinta zuwa wat 25 ko rabin wat, don atisayen dare ba tare da ka tashi maƙwabta ba. Fender Champion 40 ma ba laifi.

Amfilifayoyi masu kwalaben gilashi a ciki, waɗanda ake kira "tube", sun fi zaƙin murya, sai dai tsada da nauyi, ga canjin kwalba.

In ta hannu za ka saya, tafi da gitarka ka gwada, ka murɗa kowane maɓalli ka saurari ƙaras-ƙaras. Ka duba bayanta kuma: wadda aka yi don Amurka wutar bolt 120 take sha, in ka soka ta a tamu kai tsaye ƙonewa za ta yi.