Mai taurari biyar ne ya fi kawo riba?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, sannu da ƙoƙari. Ni malamar firamare ce, na kwashi adashi naira dubu 600, ƙanena ya ce kar in bar su a akawun tsadar kaya ta cinye, ya nuna min wata manhaja a waya da ake zuba kuɗi a asusun haɗaka, wato inda ake tara kuɗin mutane da yawa manajoji su juya, wasu an manna musu taurari biyar wasu kuma haruffa irin su A da Aa. To in na ɗauki mai taurari biyar shikenan na dace? A taimaka min kar in yi kitso da ƙwarƙwata.
Mai karatu daga Zariya

AMSA: Wa alaikumus salam Malama. Ƙanenki ya yi gaskiya, a Disambar 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 a Najeriya, kuɗin da ke kwance narkewa kawai yake. Amma maganar taurarin nan a bi a hankali.

Kamfanin Morningstar na Shikago a Amurka ne ya fito da su a 1985, kuma ke da kike malama za ki fi kowa ganewa, kamar fozishan ne na ƙarshen zango. Ana jera asusai masu kama da juna a duba ribar da suka yi shekara 3, 5 ko 10 da suka wuce da irin kasadar da suka ɗauka, kashi 10 na sama su samu taurari biyar, kashi 10 na ƙasa tauraro ɗaya. Labarin jiya ne gaba ɗaya. Sai dai a ajinki yaron da ya zo na ɗaya yawanci ya kan maimaita, a kasuwa kuwa ba haka ba ne, a 2017 jaridar Wall Street Journal ta bi diddigi ta ga cikin masu taurari biyar kashi 12 kacal suka sake cancantar biyar ɗin a shekaru biyar na gaba, kashi 10 ma sun gangaro har tauraro ɗaya. Kuma ki tambaya wa ya ba da taurarin da kika gani, don wani lokacin masu manhajar ne da kansu suka saka abinsu.

Haruffan daban ne. Kamfanoni irin su Agusto & Co da GCR da DataPro ke bayarwa, suna duba ingancin takardun da asusun ya saya da yadda manajojin ke riƙon amana, ba ruwansu da nawa za ki samu. Ina ganin amfaninsu gaskiya, in asusu ya kasa samun maki mai kyau ni ba na ma tsayawa. Amma fa asusun ne ke biyan mai ba shi makin, kuma a Satumbar 2008 wani asusu mai suna Reserve Primary Fund na Amurka yana riƙe da AAA, wato maki mafi girma, lokacin da bankin Lehman Brothers da asusun ke bi bashi ya ruguje, duk dala ɗaya da aka zuba a asusun ta koma santi 97 mutane suka yi ta rububin cire kuɗinsu.

Abin da zan fi so ki duba shi ne cajin shekara da manajojin asusun ke cirewa, Morningstar ɗin ma da bakinsu a 2010 suka ce ƙarancin caji ya fi taurarinsu nuna asusun da zai yi kyau. A kan dubu 600 ɗinki kashi 1.5 naira 9,000 ne, kashi 3 kuwa 18,000, an ci riba ko ba a ci ba sai sun cire.

Sannan ba tauraron da zai faɗa miki ko akwai kuɗin ruwa a ciki, da yawansu takardun bashin gwamnati suke saye. In wannan ya dame ki akwai masu bin tsarin shari'a irin na Lotus Capital, da masu zuba kuɗi a sukuk, wato takardun zuba jari na tsarin Musulunci da ba ruwa a ciki. Ki sa ƙanen naki ya duba sunan asusun a shafin hukumar SEC mai kula da kasuwar zuba jari, ya sauke miki takardar bayaninsa ta wata-wata ki ga ina kuɗin ke shiga da kwana nawa ake yi kafin alat ya shigo in kin nemi cirewa.