Amsa ga mai tambaya kan mesa mai kaɗa wutsiya

Salamu alaikum jama'a. Malam mai tambaya daga Marwa, ka ce ƙaramar mesarka, irin mai dunƙulewa ɗin nan, tana kaɗa wutsiya duk lokacin da ka buɗe akwatinta, kana son sanin ko murnar ganinka take. Toh gaskiya ba murna ba ce, wannan ɗabi'ar kare ce. Ni a Garwa nake kuma na jima ina kiwon irinta, abin da zan ce maka shi ne ka riƙa duba yadda take kaɗawar da kuma lokacin da take yi, a nan amsar take.

Wanda na fi zargi a naka shi ne yunwa. Mesar nan da dare take farauta, idan magariba ta yi ka buɗe murfi ta ji ƙanshin ɓera sai ka ga ta ɗaga kai, wuya ya lanƙwashe, harshe yana fita akai akai, can ƙarshen wutsiya kuma yana ɗan motsi a hankali yana tsayawa yana sake yi. A wannan lokacin kar ka kuskura ka sa hannu, domin akwai wasu 'yan ramuka a leɓenta na sama da take jin ɗumin jiki da su, hannunka mai ɗumi ga warin ɓera a kai, wallahi sai ta kai cafka. Ba ta da dafi kam amma haƙoran sun karkata baya, idan ka fizge da ƙarfi kai ka ji ciwo ita ma ka ji mata. Ka nemi dogon hantsaki na ƙarfe kana miƙa mata abinci da shi, ka wanke hannu da sabulu in ka taɓa ɓera, bayan ta haɗiye kuma ka ƙyale ta kamar awa 48 kar ta amayar.

Idan kuwa karkarwa ce da sauri har tana buga takarda ko busasshen ganye ana jin ƙara, wannan tsoro ne, gargaɗi take maka. Macizan Amurka da ake kiwo sun fi yin haka, can ne ma ake da mai ƙararrawa a wutsiya. Tamu ba ta cika yi ba, ita in ta tsorata dunƙulewa take ta cusa kai a tsakiya. Rufe akwatin kawai ka ba ta wuri. Sun fi saurin tsorata lokacin saɓa, za ka ga ido ya yi fari fari kamar hazo, ba ta gani sosai, ko kuma idan ba ta da wurin ɓuya. Ni fasasshiyar tukunyar ƙasa nake kifa musu, ta wadatar.

Akwai na barbara ma, namiji da mace suna ɗaga wutsiya suna lilo da ita, amma wannan sai manya. Wani lokacin kuma ba komai ba ne kashi za ta yi, ta ɗaga jela, sai ga baƙi da wani fari kamar alli, farin nan fitsarinta ne kar ka ce cuta ce.

Abin da ya fi damuna dai, ba ka faɗi inda ka samo ta ba. In daga daji wani yaro ya kamo maka, ka tabbatar mesa ce tukuna, ka kai wa wanda ya san macizai ya gani da idonsa. Wasu masu dafi suna murɗa wutsiya a hankali don su yaudari kwaɗo ko ƙadangare ya ɗauka tsutsa ce ya matso, kuma ɗan macijin kasa gajere ne mai kauri mai zane, wanda bai sani ba zai iya ruɗewa. Kububuwa kuwa da ta yi yawa a yankin Binuwai ita jikinta take gogawa da juna kana jin shhh, in ka ji haka ja da baya, sara ɗaya sai asibiti ba wajen gardi ba. Sannan kiwon dabbar daji a Kamaru sai da takardar ma'aikatan gandun daji, ka bincika.

Ka ɗauko mana bidiyo da magariba kafin ka ba ta abinci, a ga kai da wutsiya tare.