Filin Tambaya da Amsa: Tsutsar Masara Iri Nawa Ce?

Wasiƙun wannan wata kusan duka a kan ƙwari suka zo, kuma haka nake tsammani tunda damina ta kankama. Na zaɓi guda huɗu. Ta farko za ta ci mana wuri, domin amsarta ce mabuɗin sauran.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Bana tsutsa iri uku ce ta shiga mini masara. Da farko wasu ƙanana ne kore-kore masu baƙin kai, suna kankare ganye. Sai matsakaita, daga baya kuma manya masu ruwan ƙasa da suka shige zuciyar masarar suna tara kashi kamar dusa. Na yi feshi sau biyu, manyan ba su mutu ba. Sai na wayi gari sun ɓace, bayan kamar mako biyu ƙananan suka dawo. Wane magani ne na kowace iri? Daga wani manomi a Saminaka.

Amsa: Wa alaikumus salam Malam, Allah ya ba da damina mai albarka. Tsutsarka iri ɗaya ce. Ƙaramar da ka fara gani ita ce matsakaiciyar, ita ce kuma babbar. Riga kawai take sauyawa, kuma sau shida take fitowa da kama daban kafin ta gama girma.

Ga dalili. Ni da kai ƙashinmu a ciki yake, fata tana bin jiki yadda ya ƙaru. Ƙwaro kuwa ƙashinsa a waje yake, wani ɓawo ne mai ɗauke da sinadarin da ake kira kaitin, wanda ya lulluɓe shi kamar sulke. A jikin tsutsa ɓawon yana ɗan miƙewa, amma ƙoƙon kanta ba ya miƙewa ko kaɗan. Idan ta ci ta cika rigar, dole ta yi saɓa kamar maciji. Sai ta daina ci, ta lafe wuri ɗaya. A ƙarƙashin tsohuwar fata sabuwa tana tsirowa a nannaɗe, wani ruwa kuma yana narkar da cikin tsohuwar, jiki ya sake tsotse shi don kada a yi asara. Sannan ta kumbura kanta, fatar ta tsage daga wajen ƙeya, ta zare jiki ta fito. Abin da ya fi ba ni mamaki har yau shi ne, hatta shimfiɗar cikin bututun numfashinta tare da tsohuwar fatar take fita. Na kalli wannan da idona ba sau ɗaya ba, a cikin kwalabe da nake ajiyewa a barandar gidana a Kawo, kuma ban taɓa kallo na kasa yin tasbihi ba.

Wannan tsutsa baƙuwa ce a wurinmu. Asalinta nahiyar Amurka, kuma a farkon 2016 aka fara tabbatar da ita a Afirka, Nijeriya na cikin ƙasashen farko. Ka ɗauki babba ɗaya ka duba: a goshinta akwai zane kamar harafin Y a kife, a kusa da wutsiya kuma ɗigo huɗu baƙaƙe a jere biyu-biyu. Uwarta ƙwaro ce mai fiffike ruwan toka, 'yar'uwar malam-buɗe-littafi, irin masu yawon dare. Takan zuba ƙwai 100 zuwa 200 a dunƙule ɗaya, galibi a bayan ganye, ta rufe su da wani gashi-gashi, kuma a rayuwarta tana iya yin fiye da 1,000. Kwana 2 zuwa 3 su ƙyanƙyashe. Jaririyar ba ta kai milimita 2 ba, ba ta ma iya huda ganye, kankare shi take yi ya koma kamar farar leda. Cikin kamar mako biyu, a zafi irin namu, ta kai santimita 3 zuwa 4.

To, a nan asarar take. Kusan kashi uku cikin huɗu na duk abin da za ta ci a rayuwarta, a matakin ƙarshe take cin sa. Wato ranar da ka hango ɓarna daga bakin gona, tsutsar ta riga ta yi ƙarfi, ta shige can cikin zuciyar masara, ta toshe ƙofa da kashinta. Maganin da ka fesa a kan ganye ya tsaya. Ko ya kai gare ta, adadin da zai kashe jaririya ba lallai ya kashe babba ba. Ni ma haka ta same ni a 2017 a wata 'yar gona da nake yi a hanyar Zariya. Na ga kankararren ganye na ce ƙaramin abu ne, na yi tafiyar kwana goma, na dawo na tarar da masara kamar an bi ta da almakashi. Baƙin cikin wannan shekara ne ya sa na fara renon tsutsa a kwalba don in san ta.

Ɓacewar da suka yi kuwa ba mutuwa ba ce. Ƙasa suka sauka, suka nutse zurfin ɗan yatsa ko ƙasa da haka, kowace ta dunƙule ta zama wani abu ja-ja-ja mai sheƙi kamar ƙaramin ƙwallon dabino. Ni zaman ɗaka nake kiran wannan mataki. Ba ci ba sha, amma a ciki ana rushe jikin tsutsa ana gina na mai fiffike. Bayan kwana 8 ko 9 uwa ta fito, ta yi 'yan kwanaki ta zuba ƙwai, ƙwan ya fashe. Ka haɗa lissafin, mako biyun nan naka ne cif. Ƙananan da suka dawo 'ya'yan manyan da suka ɓace ne.

Wa ke gaya wa tsutsa yau saɓa za ki yi ki sake fitowa tsutsa, gobe kuma zaman ɗaka za ki shiga? Sinadarai biyu ne a jininta. Ɗaya shi ke ba da umarnin saɓa. Ɗayan, wanda ake kira sinadarin ƙuruciya, muddin yana da yawa to tsutsa za ta sake fitowa, idan ya ja baya sai a wuce gaba. Wani masani ɗan Ingila, Vincent Wigglesworth, shi ya bayyana wannan a shekarun 1930. Na kawo zancen ne don darbejiyar da ke ƙofar gidanka: 'ya'yanta suna da sinadarin da ke hana tsutsa sha'awar ci, ya kuma rikita mata saɓa, har ta maƙale a tsohuwar riga ta mutu. Sai dai ba ya kayar da ita nan take, yakan ɗauki kwanaki, shi ya sa manoma da yawa ke cewa ba ya aiki. Yana aiki, amma a kan ƙanana.

Shawarata, daga ranar da masara ta tsiro ka riƙa shiga gona sau biyu a mako, kana ɗaga ganye. Dunƙulen ƙwai ka murje shi da yatsa. Da ka ga ganye mai kama da farar leda, lokacin feshi ke nan, da sassafe ko da yamma liƙis, bakin famfo a saitin zuciyar masara. Kada ka nace wa magani ɗaya duk damina, tsutsar takan saba da shi. A ƙaramar gona, ɗan yashi da toka a zuciyar kowace masara yana taimakawa. Ka rufe hanci da jiki in za ka yi feshi, kada kuma ka ba yara famfo. Sunan magani da ma'auninsa kuwa ka nemi malamin gona na yankinku, ko ka kai tsutsar a kwalba Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, su gani da ido.

Tambaya: Malam, na ɗaga buhun gawayi a kicin na ga kyankyaso fari fat. Maƙwabciyata ta ce jifa ne aka yi mini. Hankalina ya tashi. Daga wata uwa a Rigasa.

Amsa: Hajiya, ki kwantar da hankalinki, ba jifa ba ne. Kyankyaso ne da ya gama saɓa a wannan sa'ar. Sabuwar fatarsa fara ce mai laushi, cikin 'yan sa'o'i za ta yi tauri ta koma ja kamar ta sauran. Duk kyankyason da kika taɓa gani ya yi wannan fari sau da yawa, a ɓoye yake yi saboda a lokacin ba shi da kariya.

Shi kyankyaso ba ya bin hanyar tsutsa. Ɗansa yana fita daga ƙwai da kamar uwarsa, sai dai ƙarami kuma babu fiffike. Haka fara take, kuma Bahaushe ya daɗe da sanin wannan tunda ya ba 'ya'yanta suna nasu, ɗango. Haka kuɗin cizo, wanda sai ya sha jini kafin kowace saɓa cikin biyar da yake yi. Da zarar fiffike ya cika, girma ya ƙare. Ƙaramin ƙuda ba ɗan babban ƙuda ba ne, ko dai jinsinsu daban, ko kuma bai ƙoshi ba lokacin yana tsutsa.

Abin da farin kyankyason yake gaya miki shi ne maɓoyarsu tana nan kusa. Ki fitar da buhun, ki duba tsagar bango da bayan kabad, ki daina barin kwanuka da ruwa su kwana.

Tambaya: Baba, kakata ta ce zanzaro ba ya haihuwa, tsutsa yake ɗaukowa ya gina mata ɗaki, ya rene ta har ta rikiɗe ta zama ɗansa. Gaskiya ne? Daga wata ɗaliba a Tudun Wada.

Amsa: 'Yata, ki gaishe mini da kakarki, mai lura ce. Abin da ta gani haka yake: tsutsa ta shiga ɗakin laka, an liƙe ƙofa, zanzaro ya fito. Abu ɗaya ne ya ɓoye mata, ƙwai. Macen zanzaro takan harbi tsutsar da dafin da zai sandarar da ita ba tare da ya kashe ta ba, ta jera ta a ɗakin tare da ƙwanta guda. Ƙwan ya fashe, 'yar tsutsar zanzaro, fara marar ƙafa, ta fito ta tarar da abinci da ransa, bai ruɓe ba. Ta ci, ta yi saɓa, ta ci, ta yi zaman ɗaka, sannan ta huda laka ta fito da siririn ƙugun nan. Wani jinsin ma gizo-gizo yake tarawa maimakon tsutsa. Bara ni da jikata mun fasa ɗaki ɗaya da ya faɗo daga jikin taga, muka ƙirga korayen tsutsotsi tara, suna ɗan motsi in an taɓa su. Tun daga ranar ta hana kowa kankare gidan zanzaro a rumfar da ke bayan gida, kuma na goyi bayanta, don kowace tsutsa a ciki daga kan ganyen wani aka ɗauko ta.

Tambaya: Malam, wake na zuba a buhu tsaf, ko ƙwaro ɗaya babu. Bayan wata biyu ya cika da ƙwari, ya yi huji. Waken ne ke haifar su? Daga wani mai sayar da hatsi a kasuwar Kawo.

Amsa: Alhaji, wake ba ya haifar ƙwaro, kamar yadda nama ba ya haifar tsutsa. Tun 1668 wani likita ɗan Italiya, Francesco Redi, ya rufe nama da yadi mai shara-shara ya bar wani a buɗe, tsutsa ta fito a kan wanda ƙuda ya sauka kaɗai. Wakenka da baƙinsa ya zo tun daga gona. Uwar takan manna ƙwai a jikin kwanso ko ƙwayar, jaririyar tsutsa ta huda ta shige kai tsaye daga ƙarƙashin ƙwan, ba ta taɓa fitowa fili. A cikin ƙwayar take ci, a nan take saɓarta, a nan take zaman ɗaka. Bayan mako 3 zuwa 4 sai ƙwaro ya ture ɗan murfi zagayayye ya fito, ya hau zuba nasa ƙwan. Wata biyu ya isa 'ya'ya su ga jikoki.

Ina roƙonka da girman Allah, kada ka zuba wa wake maganin feshin gona. Mutane ne za su ci, kuma tsutsar da kake nema tana can cikin ƙwaya. Numfashi za ka toshe mata. Buhun PICS, wanda aka ƙirƙiro a Jami'ar Purdue ta Amurka, leda biyu ne masu kauri a cikin buhu na uku, kuma jarka ko duro mai murfi da ke rufuwa ruf ma yana yi in an cika shi taf. Ƙwarin da kansu za su shanye iskar da ta rage, su daina ci, su mutu. Sharaɗi shi ne waken ya bushe sosai, ledar ba ta da ko hujin allura, a matse iska a ɗaure kowace leda daban, kada kuma a riƙa buɗewa ana ɗiba.

In za ka sayi wake a Saminaka ko Giwa, ka ɗebi tafi ɗaya ka fita da shi rana. Ka nemi fararen ɗigo ƙanana manne a jikin ƙwayar, waɗanda ba sa fita in ka hura. Ƙwai ke nan. In ka gan su da yawa, buhun nan ba na ajiya ba ne, sai dai ya shiga leda a ranar.