Fatawa: Hukuncin zaman bin numfashi irin na mabiya Buda

TAMBAYA: Assalamu alaikum malam, ni nas ce ina aiki a Ingila, dutin dare ya tara min damuwa har barci baya zuwa, sai a wajen aiki akace in shiga wani kwas na sati 8 wai shi maindfulnes, zama akeyi shiru mutum na bin numfashinsa. Daga baya naji ance asalinsa addinin Buda ne. Dan Allah ya halatta in cigaba?

AMSA: Wa alaikumus salam. Allah ya yaye miki 'yar uwa.

Abinda kikaji gaskiya ne. Tushensa koyarwar Siddhartha Gautama ce, wato Buda, wanda aka haifa a Lumbini ta ƙasar Nepal ɗaruruwan shekaru kafin Annabi Isa (AS), a harshen Pali na tsoffin littattafan addininsu suna ce wa wannan maindfulnes ɗin "sati" (ba satin kwana bakwai ba), wato hankali ya tsaya kan abinda ake ciki yanzu. Shi kuma kwas ɗin sati 8 Jon Kabat-Zinn ne ya tsara shi a 1979 a jami'ar Massachusetts dake Amurka domin masu ciwon da yaƙi jin magani, ya cire addu'o'in da gumakan ya bar motsa hankalin.

Ma'aunin mu hadisin Auf bin Malik ne da Muslim ya rawaito, sahabbai sukace muna yin tofi a jahiliyya, Manzon Allah (SAW) bai ce ku watsar ba saboda asalinsa, cewa yayi ku bijiro min da tofin naku, babu laifi matuƙar babu shirka a ciki. To kinga zama ki lura da shiga da fitar numfashi, ko ki kalli tunanin da ya taso miki ba tare da kin biye masa ba, wannan al'ada ce da magani, asalinsu kuma halal ne. Ai shi kansa mai fushi umarni aka bashi in yana tsaye ya zauna, in bai huce ba ya kwanta.

Amma akwai inda zaki tsaya cak. Irin halwar kwana 10 ta Vipassana, wani salon zaman shiru na mabiya Buda, da wani malami S. N. Goenka ya yaɗa, da neman mafaka wajen Buda da Dhamma (koyarwarsa) da Sangha (jama'ar mabiyansa) ake buɗe ta, wannan haramun ne ko da ance miki ai baki ne kawai. Haka rusunawa gunki, ko maimaita kalmomin da baki san ma'anarsu ba, ko aƙidar anatta wadda ke cewa babu wani rai tabbatacce a jikin mutum, alhali mu da ranmu za'a tashe mu ayi hisabi.

Abinda yafi damuna ma shine manufar. Su mabiya Buda suna neman daidaituwar zuciya, upekkha, ta hanyar yanke ƙulafuci don kuɓuta daga sake haifar mutum bayan ya mutu, mu kuma tamu daga imani da ƙaddara take fitowa, duba aya ta 22 da 23 a suratul Hadid, don kada kuyi baƙin ciki kan abinda ya kuɓuce muku. Kuma ba'a ce zuciya ta daskare ba, Annabi (SAW) ya zubar da hawaye ranar rasuwar ɗansa Ibrahim.

Don haka ki tambayi mai koyarwar me da me ke cikin kwas ɗin kafin ki koma. In babu waɗancan ki cigaba da niyyar magani ba ibada ba, kada ya ci lokacin sallah ko azkar ɗinki na safe da yamma, kuma in rashin barcin ya daɗe ki ga likita. Wallahu a'alam.