Amsa ga ƙanwarmu mai tambaya kan rubutun jinga a makarantar share fagen shiga jami'a

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Kin ce kina karatun share fagen shiga jami'a, kina da kiredit a Turanci a WAEC, amma jingar farko da kika miƙa a kwas ɗin rubutu ta dawo da makin da bai kai rabi ba, malamin kuma ya rubuta da jan biro cewa babu hujja, babu madogara. Kina tambaya ko Turancinki ne ya gaza, kuma ta ina za ki fara gyara. Ni ma ta shirin share fage na IJMB na bi na shiga aji biyu a jami'a, yanzu kuma na daɗe ina duba irin waɗannan takardu a wata kwaleji, don haka bari in faɗa miki abin da idona ya gani.

Da farko ki kwantar da hankalinki, da wuya a ce Turancin ne. Insha'in WAEC kalmomi ne kamar 450, wasiƙa ko labari ko muhawara, daga kanki kike zubo su, babu mai tambayarki ina kika samo. Rubutun jami'a kuwa tambaya biyu yake yi miki: me kike cewa, kuma da me kika dogara? Na sha ba wa ɗalibi mai Turanci tsaka-tsaki maki sama da mai zuba manyan kalmomi, saboda na farkon yana da maganar da yake karewa, na biyun kuwa kame-kame kawai yake yi.

Inda yawancin ɗalibaina ke faɗuwa shi ne tun wajen zaɓen batu. Sai yarinya ta zo ta ce za ta yi rubutu a kan "Matsalar sufuri a Nijeriya" a shafi biyar. Wannan ko kundin digiri na uku ba zai ɗauke shi ba. Abin da zai fito shi ne maganganun da kowa ya sani: hanyoyi sun lalace, mai ya yi tsada, gwamnati ta taimaka. Wata ɗaliba da ta kawo mini irin wannan, muka zauna na yi ta tambayarta: sufuri a ina? Ta ce Kano. Wane iri? Ta ce adaidaita sahu. Me ya dame ki game da shi? Ta yi shiru, can ta ce yayanta ɗan acaɓa ne a da, har zuwa lokacin da gwamnatin jiha ta hana ɗaukar fasinja a babur a cikin birni a watan Janairun 2013, 'yan kwanaki bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarki Ado Bayero. Daga nan ya koma tuƙa adaidaita ta wani, yana kai balas kullum. Na ce to ga batunki nan. Tambayarta ta koma: yaya wannan doka ta sauya rayuwar waɗanda suke cin abinci da babur? Wannan tambaya tana da wuri, tana da shekara, tana da mutanen da za a iya zuwa a same su. Ta nemo rahotannin jaridu na wancan lokacin, ta yi hira da direbobi a tasha, ta rubuta shafi biyar da har yau ina tuna su.

Saboda haka kafin ki rubuta gabatarwa, ki rubuta amsar tambayarki a jimla ɗaya tak a saman takarda. Idan jimlar irin wadda ba wanda zai yi miki musu ce, kamar "ilimi yana da muhimmanci", to ba ki da magana tukuna. Nemi wadda mai hankali zai iya cewa "ban yarda ba", sannan sauran rubutun ya zama ƙoƙarin gamsar da shi.

Sai maganar madogara, wadda ita ce ta fi ci mini tuwo a ƙwarya. Mu da muka tashi a Islamiyya bai kamata wannan ya zame mana baƙon abu ba. Ba a karɓar hadisi sai an san wa ya ruwaito, daga wa ya ji. Haka malaminki yake son ya ga isnadin kowace magana da ba taki ba. Ki sayi littafin rubutu guda ki keɓe shi don wannan kawai. Duk abin da kika karanta, kafin ki kwafi ko kalma ɗaya, ki fara rubuta sunan marubuci, shekarar bugu, sunan littafi ko mujalla, maɗaba'a, da lambar shafi. Idan kalmominsa kika ɗauka kai tsaye, ki sa musu alamar zance nan take. Wanda ya bar wannan sai daren miƙa aiki, zai ga ya kasa bambance maganarsa da ta wani, kuma ta nan ne yara masu gaskiya ke afkawa satar fasaha ba da niyya ba. Yawancin sassan ilimi da na kimiyyar zamantakewa salon APA suke bi, wato sunan ƙarshe na marubuci da shekara a cikin rubutu, cikakken bayani kuma a manazarta, wato jerin madogaran da ke ƙarshen aiki. Sassan adabi da dama MLA suke so. Tambayi malaminki wanda yake buƙata, ki tsaya a kansa daga farko har ƙarshe.

Akwai dabarar da nake koya wa kowane aji, kuma mu masu harshe biyu ta fi yi wa amfani. Idan kin karanta sakin layi, ki rufe littafin, ki faɗi abin da ya ce da Hausa, da baki, kamar kina yi wa ƙanwarki bayani. Idan kin kasa, ba ki fahimta ba, koma ki sake karantawa. Idan kin iya, sai ki rubuta shi da Turancinki. Duk da haka sai kin ambaci mai shi, domin canza kalmomi ba ya mayar da tunanin wani ya zama naki.

Game da inda za ki samo bayanai, don Allah ki shiga laburare. Ina ganin ɗalibai suna gama shekara ba su taɓa yi wa ma'aikacin laburare magana ba, alhali aikinsa ke nan. Yawancin laburaren jami'o'inmu tsarin haruffa suke bi wajen jera littattafai: tarihin Afirka yana ƙarƙashin DT, na Nijeriya a DT515, harshen Hausa a wajajen PL8231, sufuri a HE. Da zarar kin gano kantar batunki, ki duba littattafan da ke dama da hagu, sau da yawa a nan ake tsintar wanda ya fi amfani. A intanet kuwa ki fara da Google Scholar, da AJOL mai tara mujallun bincike na Afirka, waɗanda da yawansu kyauta ake saukewa. Wikipedia ba laifi ba ce don sanin hanya, amma ki gangara ƙasan shafin ki bi manazartar, su za ki kawo. Idan wata rana bincikenki ya shafi tarihin Arewa, akwai Arewa House a Kaduna, cibiyar ABU da ke tsohon gidan Sardauna, ga kuma gidan adana takardun tarihi na ƙasa a garin.

Manhajojin nan na ƙirƙirarriyar basira kuwa, ki yi hattara. Na taɓa karɓar jinga mai manazarta masu kyan gani, da muka bi sai muka tarar wasu littattafan babu su a duniya. Duk abin da ba ki buɗe da hannunki kin karanta ba, kada ya shiga manazartarki.

Tsarin sakin layi ba shi da wuya: magana ɗaya a kowanne, ki faɗe ta a jimlar farko, ki kawo hujja, sannan ki bayyana da bakinki yadda hujjar ta tabbatar da maganar. Wannan na ƙarshen shi ɗalibai ke tsallakewa, kuma a nan makin yake. Ki gajarta jimlolinki. Ki gama daftarin farko da sauran kwana biyu ko uku, ki ajiye shi ya huce, sannan ki karanta a bayyane. Duk inda numfashinki ya ɗauke, jimlar ta yi tsawo.

Takardar da ta dawo miki kuwa, kada ki cusa ta a ƙasan akwati don kunya. Ɗauke ta ki je ofishin malamin tare da wata ƙawarki a lokacin da yake ganin ɗalibai. Kada ki roƙi ƙarin maki. Ki ce, "Malam, a nuna mini sakin layi ɗaya da ya rasa hujja, in je in gyara in dawo da shi." Idan kuma kin samu batun jinga ta gaba, turo mana jimlarki ɗaya ɗin nan a nan mu duba tare kafin ki fara rubutu. Allah Ya ba da sa'a.