Idan Sista Ce a Kan Gadon Tiyata

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ma'aikaciyar jinya ce, an sa mini ranar tiyatar cire ƙari daga mahaifa a asibitin da nake aiki. Duk wanda na tambaya sai ya ce, "Ai ke kin san komai." Me ya kamata in kiyaye?
Wata Sista, daga Zariya

Amsa: Wa alaikumus salam, Sista. Allah Ya sa a yi a sa'a. Wannan "kin san komai" ɗin shi ne abin tsoro. Tun 1964 likitan ƙwaƙwalwa Walter Weintraub ya yi rubutu kan yadda majinyacin da ake jin nauyinsa yake cutuwa, domin ana tsallake masa matakan da ake bi wa kowa. Ma'aikacin asibiti yana cikin wannan sahu: ana duba shi a tsaye a baranda, ba a rubuta komai a kati, tambayoyin da suka shafi al'ada ko ciki kuma kunya ta hana a yi su.

Saboda haka ki buɗe kati kamar kowa, ki zauna gaban likita ɗaya wanda zai ɗauki nauyinki. Ki faɗa masa duk maganin da kika rubuta wa kanki, musamman aspirin, ibuprofen da diclofenac, don suna ƙara zubar jini, wannan tiyata kuwa dama tana cin jini. Har jiƙe-jiƙen gida ki ambata. A auna yawan jininki da rukuninsa, a tanadi jinin da aka gwada ya dace da naki tun kafin ranar. Alkawarin "za mu ba ki idan an buƙata" ba jini ba ne.

Takardar amincewa kada ki sa mata hannu a tsaye. A yi miki bayani tamkar ba ki taɓa shiga ɗakin tiyata ba, har da yiwuwar cire mahaifar gaba ɗaya idan jini ya ƙi tsayawa.

Azumin kafin tiyata: awa 6 ba abinci, awa 2 ba ruwa. Kunu, koko da shayi mai madara duk abinci ne a wannan lissafi. Wanda ya sha su yana iya amai cikin barcin da ake sa shi don tiyata ya shige masa huhu. A ɗakin tiyata ki bari a tambaye ki sunanki da aikin da za a yi, kamar yadda jerin bincike na Hukumar Lafiya ta Duniya na 2008 ya tanada, ko da mai tambayar ƙawarki ce.

Bayan an fito, hannunki ya bar robar ƙarin ruwa, kada ki ƙara wa kanki maganin ciwo. Paracetamol ba ya wuce giram 4 a yini, kuma abin da kika sha a ɓoye ba ya cikin lissafin masu kula da ke. Idan ciwo ya dame ki, faɗa. Ma'aikatan jinya sun fi kowa daurewa don kada a ce suna da raki. Ki tashi ki taka da zarar an ba ki izini, saboda gudan jini a ƙafa. Sannan ki gaya wa shugabar ɗakin da aka kwantar da ke wa kika yarda ya buɗe katinki, domin zumuncin aiki ba ya ba kowa wannan dama.