Ku Tambayi Anti: Umma za ta hau jirgi karon farko, kuma har Ingila

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti, ya ƙoƙari. Dan Allah shawara nake nema a kan Ummanmu. Yayarmu ce ta yi haihuwar fari a Landan, mijinta ya yi wa Umma biza ta je wankan jego, to matsalar Umma ko Abuja ba ta taɓa zuwa a jirgi ba, ba ta jin Turanci, ga hawan jini tana shan magani, kuma tikitin daga Kano ne sai an sauka Addis Ababa an canza jirgi. Tun da aka sa rana ba ta barci, ita tsoronta kar jirgi ya faɗo, mu kuma tsoronmu kar ta ɓata. Ta riga ta haɗa kilishi da man shanu da yajin jego da kuka da daddawa da garin kunun kanwa. Ya za mu yi? Daga ƙanwarki a Gwammaja, Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata, barkanku da arziki, Allah ya raya. Bari in fara da wanda zai fi ɓata wa Umma rai tun kafin mu zo maganar tsoro: kilishin nan da man shanu ba za su shiga Ingila ba. Dokarsu ta hana matafiyi daga irin ƙasashenmu shigo da nama da duk abin da aka yi da madara, komai bushewarsa komai kyan ɗaurinsa, har dambun nama, in suka gani ƙwacewa za su yi su lalata, wani lokacin har da tara. Ku cinye abinku a gida kawai, naman halal ba ya wahala a Landan, farfesun mai jego ba zai gagara ba. Busasshen kifi sun yarda har kilo 20, zuma kilo 2. Su yaji da kuka da garin kunu ku zuba a leda mai garai-garai, ku rubuta sunan kowanne da Turanci ku manna, musamman kanwa, dan farin gari ko farin dunƙule marar suna a filin jirgi neman magana ne. Daddawa kuma a ɗaure ta leda uku a sa a roba mai murfi, in ba haka ba duk atamfofin Umma sai sun ɗauka.

Sai maganar saƙo. Na san mutanenmu, da an ji za ta tafi za a fara zuwa da ƴar leda, "dan Allah a miƙa wa ɗana yana Manchesta." Duk abin da ba ku buɗe kun gani da idonku ba kar ya shiga jakarta, ko na waye, balle wanda za a tare ta da shi a filin jirgi. In an auna kaya za a manna mata ƴan ƙananan sitika masu lamba, ki ƙirga, in jaka biyu ce sitika biyu, ki ɗauki hotonsu da hoton jakunkunan. Yawanci kilo 23 ne kowace jaka, ta hannu kilo 7, amma ku duba abin da ke jikin tikitinta. Turare da humra da man shafawa duk a babbar jaka, ta hannu ba a yarda da abu mai ruwa da ya wuce mililita 100 ba. Power bank kuma akasin haka, a hannu ake riƙe shi. Maganin hawan jininta ma a hannu, cikin kwalinsa na asali, da takardar likita, dan babbar jaka tana iya yin latti kwana biyu.

To tsoronku na ɓata, gaskiya shi ne mai tushe, kuma maganinsa sauƙi gare shi: ku nema mata keken guragu. Na san me za ta ce, "ni da ƙafata lafiya lau, Allah ya kiyaye." Ku lallaɓa ta, ba dan ƙafa ba ne, dan mutumin da zai tura keken ne, shi zai ɗauke ta daga bakin jirgi ya bi da ita wajen bincike ya ajiye ta a ƙofar jirgi na biyu, a Landan ma wani ya karɓe ta har wajen ɗaukar kaya, kuma kyauta ne, kamfanin jirgin ake gaya wa aƙalla kwana biyu kafin tafiya. A Kano ki tabbatar an ba ta katin shiga jirgi guda biyu, kuma ki tambaya a gabanki ko kayan har Landan aka yi musu lamba, dan kar ta tsaya jiran jaka a Addis.

Agogo ma abin lura ne. Addis suna gabanmu da awa biyu, kuma lokacin da ke jikin tikiti na garin da jirgin zai tashi ne. Ni tafiyata ta farko haka na miƙe ƙafa a wajen canjin jirgi ina cin biskit ina kallon agogon hannuna da ke kan lokacin Najeriya, hankalina kwance wai da saura, sai da na ji ana kiran wani abu mai kama da sunana a lasifika na kwasa da gudu takalmi a hannu. Ki rubuta mata takarda da manyan baƙaƙe, sunanta, lambar jirgi na biyu, adireshi da lambar wayar yayarku, da cewa Hausa kaɗai take ji, duk inda ta rikice ta miƙa wa mai yunifom.

Shi kansa jirgin ai shi ne mai sauƙin. Kano zuwa Addis awa huɗu da wani abu, daga can zuwa Landan wajen awa takwas. Ki gaya mata tun yanzu zai yi ƙara da gudu wajen tashi, kuma a sama wani lokacin zai yi gargada kamar mota a hanya mai ramuka, iska ce, ta ɗaure bel ta kalli ma'aikatan, in suna ta hidimarsu to ba komai. Kunne zai toshe musamman wajen sauka, ta tsotsi alewa ko ta riƙa haɗiyar yawu. Iskar ciki bushewa gare ta, ta sha ruwa sosai, kuma ku zaɓa mata kujerar gefen hanya dan ta riƙa tashi tana ɗan takawa, doguwar zama wuri ɗaya kan sa jini ya daskare a ƙafa, balle ga dattijuwa.

Wanda ba a faɗa wa iyayenmu kuma shi ne banɗaki, har wasu su ƙi cin abinci su ƙi shan ruwa dan kar su shiga. Babu buta, ta shiga da ƙaramar gorar ruwa ta tara a famfon wanke hannu, ta ja sakata sosai sai fitila ta ƙara haske, kar ta zubar da ruwa a ƙasa dan ba inda zai bi. In ta danna maɓallin wankewa zai yi wata irin zuƙa mai ƙara kamar zai haɗiye mutum, wallahi ranar farko salati na saka. Ki kwaikwaya mata ƙarar a gida ku yi dariya, ya fi ta ji shi bagatatan. Sallah kuma ta yi alwala kafin shiga, matafiyi yana da sauƙin ƙasaru, ta tambayi malaminsu na Islamiyya yadda za ta yi da wadda lokacinta ya riske ta a sama.

In ta sauka jami'in shige da fice zai tambayi wajen wa ta zo, kwana nawa za ta yi, ina tikitin komawa. Yayarku ta rubuto wasiƙa da Turanci mai ɗauke da duk wannan, ku buga a takarda a haɗa da fasfo da katin rigakafin shawara, kar ku dogara da waya dan layinta ba lallai ya yi aiki ba. Ku sa mata suwaita mai kauri da safa a jakar hannu, ko a cikin jirgin ma za ta nema. Kuma surukin nata ya zo da wuri da babbar rigar sanyi a hannu, ya tsaya daidai ƙofar fitowa inda za ta hango shi. A gaida Umma, in ta sauka lafiya ki rubuto ki ba ni labari.